Intanet a Karkarar Jigawa: Rijiyar Gari ko Ruwan Ga-ruwa?

Bahaushe ya san ruwa iri biyu a gari. Akwai na rijiya, wanda kowa ke zuwa da gugansa ya ja, akwai kuma na ɗan ga-ruwa, wanda sai mai kuɗi a hannu yake samu. Dukkansu halal ne, amma garin da ya dogara ga ɗan ga-ruwa kaɗai, talakansa zai kwana da ƙishirwa. Tun daga shekarar 2001, lokacin da aka ba kamfanonin wayar salula lasisi, manufar Nijeriya kan sadarwa ta bi tafarkin ga-ruwa. Kamfani ya kafa turakunsa, mai buƙata kuma ya sayi data ta kwana ɗaya ko mako ko wata, in wa'adi ya cika a rufe masa ƙofa.

Ba a musun cewa wannan tsari ya kawo alheri. Wayar da a dā sai gidajen manya ta shiga hannun manomi a Wurno da ɗan kasuwa a Sara ta ƙaramar hukumar Gwaram. Kamfanonin kuma suna da hujjarsu, domin suna sayen man dizal, suna biyan masu gadin turaku, suna shigo da kayan aiki da kuɗin waje. Da wannan hujja ce Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince da ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025.

Sai dai illar tsarin tana cikin ginshiƙinsa. An gina shi ne kan mai albashi, wanda kuɗi ke shigo masa kowane ƙarshen wata. Manomin Birnin Kudu kuwa sai da kaka yake ganin kuɗi a dunƙule, da damina hankalinsa yana kan taki da abincin gida. Ɗansa ɗalibi yakan sayi ƙaramin ƙunshi na kwana ɗaya, wanda idan aka auna ya fi babban ƙunshi tsada, ta yadda mai ƙaramin ƙarfi ne ke biyan farashi mafi yawa. Haka kuma kamfani ba ya kai turaku masu ƙarfi inda ba ya hangen riba, don haka ƙauyen da ya fi buƙata shi ne ake bari a baya.

Abin damuwa shi ne, hukuma da kanta ta mayar da intanet wajibi. Tun 2015 jarrabawar shiga manyan makarantu ta JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya, jarrabawar rajistar malamai ma a kan kwamfuta ake yin ta. Da aka rufe makarantu a 2020 saboda annobar korona, yaran birni masu hali sun ci gaba da karatu ta intanet, takwarorinsu na karkara suka zauna a gida. Wanda ya wajabta wa mutane tsallake kogi, bai kamata ya bar su a hannun mai fito kaɗai ba.

Gwamnati ta tsara shirin faɗaɗa intanet mai sauri na 2020 zuwa 2025, da burin kaiwa kashi 70 cikin ɗari, amma wa'adin ya cika ana wajen rabi. Ko da an cimma burin, ƙidayar layukan da aka saya ba ta nuna yaro nawa ne suka buɗe littafi. An kuma gwada wata dabara a 2016, lokacin da Facebook ya shigo da shirin Free Basics Nijeriya, inda ake buɗe wasu zaɓaɓɓun shafuka kyauta. A shekarar ce ƙasar Indiya ta haramta irin wannan tsari, bisa hujjar cewa bai dace kamfani ya zaɓa wa talaka abin da zai karanta ba. Kyautar da aka yi wa shinge ba ta zama rijiyar gari ba.

Jihar Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, jihar ta kafa kamfanin sadarwa na Galaxy da cibiyar koyon kwamfuta ta Kazaure. Dokar sadarwa ta 2003 kuma ta tanadi asusun USPF domin kai sadarwa wuraren da 'yan kasuwa ba sa zuwa. Abin da ya dace shi ne a yi amfani da irin waɗannan kafofi a kai intanet buɗaɗɗe, mai aiki da hasken rana, makarantu da asibitoci da ɗakunan karatu na garuruwa irin su Wurno da Gwaram, a kuma ware kuɗin gyara a kasafin kowace shekara, domin kayan da ba su da mai kula ba sa daɗewa. Mai hali ya ci gaba da sayen data a wayarsa, marar hali ya sami inda zai zura gugansa.

Malamin gobe yana da ruwa da tsaki a wannan batu. Shi ne zai tsaya gaban aji wanda rabinsa ya yi aikin gida, rabinsa ya ce data ta ƙare. Ya kamata ya san cewa wannan ba laifin yaro ba ne, ya kuma kai maganar gaban ƙungiyar iyaye da malamai da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, har a haƙa wa makarantarsa rijiyarta.