FILIN MOTA DA HANYA: Littafin Kula da Tsohuwar Mota

A wannan karo za mu yi magana ne a kan wani ɗan littafi da kuɗinsa bai kai na litar fetur ɗaya ba, amma rashinsa ya kusa jawo mana zaman makoki a unguwa.

Akwai wani dattijo abokin zamanmu a nan Garwa, tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, yana da Peugeot 504 mai ƙofa biyu, wadda Faransawa ke kira Coupé. Ta bambanta da Fijon da muka saba gani tana jigilar fasinja, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Ita wannan motar gudu ce. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, aka fara nuna ta a birnin Janiba a 1969, aka daina ƙera ta a 1983. Da irinta mai injin V6 ne Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya a 1978, ya kuma ci na Bandama a Kwaddibuwa duk a shekarar. Ke nan ko 'yar autar cikinsu ta haura shekara 40 a duniya.

Alhaji yana ji da motar nan kamar ƙwai. Kullum a wanke take, a lulluɓe da tamfol, ba ta fita sai ranar Juma'a, ko Salla, ko biki. A bazarar da ta wuce ya tafi da ita ɗaurin aure Ngaundere, da jikokinsa biyu a baya. A kan hanyar dawowa, a dogon gangaren nan na dutse da kowane direba ya sani, yana ta taka birki kwana bayan kwana, sai kawai ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa, mota kuwa ba ta rage gudu ba. Allah ya taimake shi bai ruɗe ba. Ya mayar da ita giya ta biyu, ya riƙa jan birkin hannu kaɗan-kaɗan har ya samu ya raɓa gefen hanya. Bayan kamar rabin awa ya sake taka birkin, ya ji ya kama daram, kamar babu abin da ya faru.

Kashegari muka raka shi gareji. Da makaniki ya buɗe kwalbar man birki sai ga shi baƙi wuluk kamar ruwan shayi da ya kwana. Ya ce, "Baba Alhaji, yaushe rabon da a canja man nan?" Alhaji ya ce, "Ai ban taɓa ganin ya ragu ba, ɗana. Marigayi maigidanka ne ke kula da ita, shi ya sani." To maigidan ya riga mu gidan gaskiya, ya tafi da abin da ya sani a kansa. Yaron da ya gaji garejin bai sani ba, mai mota bai sani ba, babu kuma takardar da za a duba.

Ga abin da ya faru a kan dutsen. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana shan raɓa daga iska sannu a hankali, ko mota tana tafiya ko tana ajiye. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma idan ya sha ruwa kashi 3 zuwa 4 cikin 100, yana iya tafasa a wajen digiri 155. A dogon gangare birki yana ɗaukar zafi ƙwarai. Da man ya tafasa sai tururi ya cika bututun, shi kuwa tururi matsuwa yake yi in an taka, ba ya tura komai. In ya huce sai ya koma ruwa, birki ya dawo. Shi ya sa ake canja man birki duk shekara biyu, ko da kwalbar a cike take.

Kuskuren Alhaji kuskurenmu ne duka. Mun saba auna wahalar mota da kilomita, sai mu ce ai ba ta zuwa ko'ina, me za a canja? Alhali tsohuwar mota agogo biyu gare ta: na kilomita da na kwanan wata. Motar haya na farkon ne ke cin ta. Motar Juma'a da Salla kuwa na biyun ne ke cin ta, a ɓoye, ƙarƙashin tamfol. Roba na bushewa, mai na lalacewa, tsatsa na aikinta, balle a gari irin namu da zafi ke wuce digiri 40 a Maris da Afrilu. Kan mutum ba zai riƙe waɗannan agoguna biyu na abubuwa goma ba har tsawon shekaru. Rubutu ne kawai ke riƙewa.

Saboda haka ga shawararmu. A sayi littafin rubutu mai kauri irin na 'yan makaranta, a ɗaura masa biro da zare, a sa shi a aljihun gaban mota. Kada ya kwana a ɗaki, domin ranar da za a neme shi a gareji ake. A shafin farko a rubuta ƙirar motar, da shekararta, da lambar bodi da ta inji, da irin man da take sha, da girman taya da iskar da ake ba ta. Sauran shafukan a ja musu layi gida biyar: kwanan wata, kilomita, aikin da aka yi, kayan da aka sa, da wanda ya yi aikin. A rubuta tun ana tsaye a garejin, kafin a biya kuɗi. Wanda ya ce sai ya koma gida, to ya manta ke nan.

A kula da gidan kilomita. Motocin wancan zamani da yawa lambobi biyar ne a ma'auninsu, in ya kai 99,999 sai ya koma sifiri. Ranar da ya juya a rubuta, in ba haka ba nan gaba motar da ta yi 140,000 za ta riƙa nuna 40,000, kowa ya ruɗe. In ma'aunin ya mutu, shi ma a rubuta ranar.

A shafin ƙarshe kuma a jera abin da ake jira, kowane da wa'adinsa biyu, wanda ya riga cika shi za a bi. In littafin kamfani na motar yana nan, shi ne alƙali. In ya ɓata, ga abin da mu muke bi a wannan ƙasa tamu ta ƙura. Juyen baƙin mai da matatarsa: kilomita 5,000 ko shekara ɗaya. Matatar iska: a duba ta kowane wata a lokacin hunturu. Man birki: shekara biyu. Ruwan lagireto: shekara biyu, kuma a sa mai magani, kada a wadatu da na rijiya, domin kan injin 504 na alminiyam ne, ruwan banza na cin sa. Fambel da robobin ruwa da na fetur: a matsa su da hannu a kowane juye, wanda ya tsattsage ko ya ƙage a fitar da shi. Robar fetur da ta tsage a kan inji mai zafi gobara ce. Man giya da na aksul ɗin baya: a duba su sau ɗaya a shekara. Batir: a rubuta ranar da aka saye shi.

Taya ma tana da ranar haihuwa. Tun daga shekarar 2000 akwai lambobi huɗu a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na 2019. Masu ƙera taya da kansu suna cewa wadda ta kai shekara 10 a cire ta, ko da zanenta bai side ba. Da muka duba na Alhaji, biyu daga ciki sun wuce haka, ga su kuwa kamar sababbi a ido. Har da sifiya a duba.

Sannan kowace irin mota tana da nata sirri, shi ne ya fi cancantar shiga littafi. Ta Alhaji mai silinda huɗu ce, ba ta da kafireto. Wani famfo ne na Jamus, Kugelfischer, ke feso mata fetur. Famfon yana da nasa mai daban da na inji, kuma wani ɗan bel mai haƙora ke juya shi. Makanikin da ya ƙware a Fijon haya yana iya yin shekaru bai taɓa ganin irinsa ba, ba laifinsa ba ne. In an rubuta a littafi yaushe aka duba man famfon, yaushe aka canja bel ɗin, da lambar kayan da aka sa, to duk wanda motar ta faɗa hannunsa ya sami madogara. Rasit kuma a liƙa shi da gam a bayan shafin.

Mun san za a ce makaniki zai ji haushi, zai ga kamar ba a yarda da shi ba. Mu dai da muka gwada, yaron garejin murna ya yi, domin littafin shaidarsa ne shi ma: in wani abu ya lalace, an san abin da ya taɓa da abin da bai taɓa ba. Wani zai ce ai akwai wayar hannu. To madalla, a ɗauki hoton kowane shafi a ajiye, amma waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, littafi kuwa yana bin motar duk inda ta je. Wanda boko bai zauna masa ba ya rubuta da ajami, ko ya sa ɗansa ya rubuta. In an tashi sayarwa, mai saye zai fi sakin jiki da motar da ke da tarihi a rubuce. In kuma gado ta zama, magada ba za su fara daga duhu ba.

Wanda bai san tarihin motarsa ba kada ya ce lokaci ya wuce. Ya yi yadda Alhaji ya yi. Ya ɗauka cewa ba a taɓa canja komai ba, ya fara da abin da ke kashe mutum, wato birki da taya da robar fetur, sauran ya bi su wata-wata daidai ƙarfin aljihunsa. Rigakafi dai ya fi magani. Yanzu littafin Alhaji ya kai shafi na huɗu, babban jikansa ne magatakarda, kuma shi ne ke tuna wa kakan in wa'adi ya matso.

Masu tsofaffin motoci da ke da tambaya, ko wata dabara da suka gwada ta yi, su aiko mana ta ofishin jarida, za mu buga. Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai mu gidajenmu lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.