Kafin Ka Sayi Garin Faiba Saboda Rikicin Hanji, Juya Bayan Kwalin

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Instagram, na san ka sha cin karo da masu tallan garin faiba. Za ka ga an zuba cokali ɗaya a kofin ruwa, an motsa, an kurɓa, sai a ce maka cikin kwana uku kumburin ciki zai tafi, tumbi zai sauka, bayan gida zai daidaita. Wanda cikinsa ya hana shi sakat ba ya tsayawa dogon tunani, tura kuɗi kawai yake yi. To ɗan uwa, 'yar uwa, da ku nake, musamman wanda likita ya taɓa gaya wa cewa abin da ke damunsa shi ne IBS.

Matsayina ba shi da kwana-kwana: kalmar faiba da aka rubuta ɓaro-ɓaro a gaban kwali ba ta gaya maka komai. Jerin sinadaran da ke baya, da ƙananan haruffa, shi ne zai nuna ko garin zai kwantar maka da hanji ko zai ƙara hargitsa shi.

Bari mu fara da ciwon kansa. IBS ba gyambo ba ne, ba kuma ciwon daji ba ne. Hanji ne ya zama mai saurin jin zafi, motsinsa ya rikice, saƙon da ke kai-komo tsakaninsa da ƙwaƙwalwa ya samu tangarɗa. Ma'aunin da likitoci suka fitar a 2016, wanda ake kira Rome IV, ya ce sai mutum yana fama da ciwon ciki aƙalla rana ɗaya a mako a cikin watanni 3 da suka wuce, ciwon yana da alaƙa da aƙalla biyu cikin waɗannan ukun, wato fitar bayan gida, canjin yawansa da canjin kamanninsa, kuma abin ya faro aƙalla watanni 6 baya. Wani cushewar ciki ce ke damunsa, wani gudawa, wani kuma yau wannan gobe wancan.

Ka san halinmu, duk ciwon ciki a wurinmu olsa ne, ko basir, ko taifod. Yanzu kuma IBS ta shiga sahu, kowa yana laƙaba wa kansa daga kallon bidiyo. Kar ka yi haka. Tsutsar ciki da ƙwayoyin cutar da ake sha a gurɓataccen ruwa suna iya kawo alamu masu kama da waɗannan, kuma faiba ba ta kashe su. Idan kuwa kana ganin jini a bayan gida, ko kana ramewa ba dalili, ko jininka ya yi ƙasa, ko zazzaɓi na raka ciwon, ko gudawa na tashinka cikin dare, ko akwai ciwon dajin hanji a danginku, to ba maganar gari ba ce. Asibiti za ka nufa, ba shagon intanet ba.

In likita ya tabbatar IBS ce, sai mu dawo kan faiba. Kashi biyu ce. Akwai wadda ba ta narkewa a ruwa, kamar dusar alkama. Tana wucewa da kaushinta tana gogar bangon hanji. Ga mai lafiyayyen ciki wannan ba matsala ba ce, amma ga hanjin da dama kamar jira yake, ƙarin ciwo ne da iska. Akwai kuma mai narkewa, wadda ke shan ruwa. Mafi amfani a cikinta ita ce wadda ke yin yauƙi, kamar yadda kake gani a miyar kuɓewa. Wannan yauƙin yana riƙe ruwa: in bayan gida ya yi tauri ya tausasa shi, in ya yi ruwa-ruwa ya ɗaure shi. Shi ya sa abu ɗaya ke iya taimakon mai cushewa da mai gudawa.

Wanda ya fi shahara a wannan aikin shi ne psyllium, wanda wasu kwalaye ke rubuta shi da ispaghula. Ɓawon irin wata ciyawa ce da aka fi nomawa a Indiya, inda suke kiransa isabgol. Shi ne a cikin Fybogel da Metamucil. Kuma ba wai don ya yi suna nake zaɓarsa ba. A 2009 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani bincike da aka yi a Holan kan mutum 275 masu IBS. An raba su kashi uku: wasu aka ba su giram 10 na psyllium kullum, wasu dusa, wasu kuma garin shinkafa wanda ba magani ba ne, tsawon mako 12. Masu psyllium sun fi samun sauƙi, masu dusa kuwa su suka fi yawan barin gwajin tun da wuri, galibi saboda cikinsu ya ƙara tashi. Hukumar NICE ta Birtaniya tana ba masu IBS shawarar su guji dusa, in ana buƙatar ƙarin faiba su nemi ispaghula ko hatsin oats. Ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka, ACG, ita ma a jagorarta ta 2021 mai narkewa ta zaɓa.

Amma ga inda tarkon yake. Ba duk mai narkewa ba ce ta dace da kai. Yawancin garukan da alawoyin da ake yayi suna ɗauke da inulin, ko saiwar chicory, ko FOS, ana yi musu kirari da cewa suna ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani a hanji. Gaskiya ne suna ciyar da su, amma da gaggawa, kuma abin da ke biyo baya iska ce. Masanan Jami'ar Monash ta Ostareliya, waɗanda suka fito da tsarin abincin da ake kira FODMAP, sun sa irin waɗannan a jerin abubuwan da ke tayar wa masu IBS da ciki. Ka ga ke nan mutum ya biya kuɗi don ya rabu da kumburi, ya sayo kumburi. Haka ma kayan zaƙi irin su sorbitol, mannitol da xylitol, suna jawo ruwa cikin hanji suna kawo gudawa.

Abu na biyu da za ka lura da shi: senna. Dangin filasko ne, kuma duk wanda ya san filasko ya san aikinsa. Shayin rage tumbi da yawa shi ke cikinsu. Kana sha cikinka ya murɗa, ka yi ta zaryar banɗaki, ka ɗauka dauɗa ce ke fita. Ba dauɗa ba ce, hanjinka ne ake bulala. Wani zai ce ai daga ganye aka yi, ba ya cutarwa. Barkono ma ganye da 'ya'ya ne, amma ba ka zuba shi a ido.

Saboda haka in za ka saya, ka nemi wanda sinadarinsa na farko psyllium ne ko ispaghula, wanda jerin bai yi tsawo ba, wanda aka rubuta giram nawa ke cikin kowane cokali ko leda. Ledar Fybogel ɗaya, misali, giram 3.5 ce. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma ka saya a kantin magani inda akwai wanda za ka yi wa tambaya. Duk wanda ya ce maka haɗinsa sirri ne, ka bar masa sirrinsa.

Yadda ake sha ma yana da doka. Ka fara da kaɗan, giram 3 zuwa 4 a rana, ka riƙa ƙarawa sannu-sannu mako bayan mako. Wanda ya fara da cokali uku ranar farko zai kwana da iska ya ce abin banza ne. Ka dama shi a cikakken kofin ruwa, kamar rabin ledar fiya wata, ka shanye nan take kafin ya daskare, sannan ka ci gaba da shan ruwa cikin yini. Kar ka taɓa afa shi a bushe, yana iya kumbura ya toshe maƙogwaro. Kar ka sha dab da kwanciya barci. In kana shan wasu magunguna ka ba da tazarar sa'o'i 2, domin yauƙin na iya rage yadda jiki ke tsotsar su. Mai wahalar haɗiya ko wanda hanjinsa ya taɓa toshewa kuwa, sai da izinin likita.

Zan gaya maka gaskiya, psyllium ba ya warkar da IBS, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba. Sauƙi yake kawowa, ba al'ajabi ba. Ka ba shi makonni, ka riƙa rubutawa a wayarka abin da ka ci da yadda cikinka ya kwana. Mai yiwuwa ka gano wake ne ko albasa ko madara ke tayar maka da shi, ko fargabar jarrabawa da rashin barci. In ka yi wata uku ba canji, ka koma wa likita da wannan rubutun naka, akwai sauran hanyoyi.

Mai talla yana da burin da yake son cimmawa a ƙarshen wata, kai kuma hanji ɗaya gare ka. Minti ɗaya na karanta bayan kwali ya fi mako guda kana riƙe da ciki. In ba ka ga sunan abin da ke ciki ba, ka mayar da kuɗinka aljihu.