Araha Ba Ta Ado: Tankin Asali da na Kwaikwayo

Akwai maganar da ta yaɗu a bakin masu zuƙar sigarin lantarki, wai tankin kwaikwayo da na asali duk ɗaya ne, suna kawai ake saya da tsada. Mu dai ba mu yarda da wannan magana ba, kuma muna da hujja.

Tun da Hon Lik, wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, ya ƙirƙiro wannan na'ura a 2003, birnin Shenzhen ya zama cibiyar ƙera ta. A can ake yin mafi yawan na asali, a can kuma ake kwaikwayonsu. Tankin Kayfun na kamfanin SvoëMesto na cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, har kuɗin na asali ɗaya kan sayi kwaikwayo huɗu ko biyar. A ido ba ka rarrabe su. Amma ido ba ya auna ƙarfe.

Mai karatu, dubi abin da tanki yake. Mazubi ne na ruwan da ake zuƙa, a cikinsa akwai waya mai ɗaukar zafi da lagwanin auduga, da zobban roba masu hana yoyo. Duk abin da aka yi tankin da shi yana jiƙe cikin ruwan nan dare da rana, ana dafa shi, tururinsa kuma huhu yake tafiya. Mai ƙera na asali yana faɗin irin ƙarfen da ya sa, galibi wanda ba ya tsatsa, ya kuma buga sunansa a jiki. Mai kwaikwayo fa? Ba wanda ya san ko ƙarfen kirki ya sa, ko tagulla ce aka shafe ta yi ƙyalli, alhali tagullar da ake sassaƙawa a inji kan ƙunshi ɗan dalma. In roba mai arha aka sa maimakon gilashi, ruwa mai ɗanɗanon kirfa ko lemo kan fasa ta. In awo ya kauce ko da kaɗan ne, sai yoyo, sai murfi ya ƙi ɗauruwa, sai a sake sayen wani. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Za a ce da mu ai talaka ba shi da kuɗin Kayfun. Gaskiya ne, kuma ba mu musa cewa wani kwaikwayon kan yi aiki sumul. Sai dai hujjar talauci ta faɗi, domin kamfanoni irin su Innokin da Aspire suna yin tankuna masu sauƙin kuɗi da sunansu na kansu. Wanda ya sa sunansa ana iya kama shi da laifi. Wanda ya ari sunan wani, wa za ka tuhuma ranar da abu ya ɓaci?

Amurka ta ga ƙarshen sayen abin da ba a san mai shi ba. Daga 2019 zuwa farkon 2020 an kwantar da mutum fiye da 2,800 a asibiti da ciwon huhu, 68 suka rasu. Ba tanki ne sanadi ba, wani mai ne da aka gauraya a ruwan wiwi na bayan fage, amma darasin ɗaya ne: kwali mai kyau, ciki ba mai lamuni.

Ga 'yan kasuwarmu kuwa, sayar da kwaikwayo da sunan asali algus ne, ko da me aka kira shi. Mu da muke zaune cikin wasu al'ummai, amana ce jarinmu. Ha'incin mutum ɗaya kan shafa wa zango duka baƙin fenti.

Kada kuma a ɗauka muna yabon na asali. Shi ma nikotin yake kai wa jini, nikotin kuwa kama mutum yake yi. Wanda bai fara ba, kada ya fara. Wanda ya riga ya shiga, aƙalla ya san sunan wanda ya ƙera abin da yake kai wa bakinsa.