Lamba 34 da rigunanmu marasa tarihi

A Jami'ar Houston ta Amurka, babu ɗan ƙwallon kwandon da zai sake saka riga mai lamba 34. An jingine ta domin karrama Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya buga wa makarantar wasan ƙarshe na gasar jami'o'i a 1983 da 1984. Ɗalibin da ya ɗaga kai a zauren wasa zai ga lambar, ya tambayi mai ita.

A nan gida kuwa riga kayan aro ce. Ɗalibi ya saka ta a gasar NUGA ko NICEGA, ya kammala karatu, a wanke a miƙa wa na baya, sunansa ya bi ruwa. Ba gwanaye muka rasa ba: a Zariya Masai Ujiri ya tashi, kuma yana shugaban Toronto Raptors ƙungiyar ta ɗauki kofin NBA a 2019.

Jingine riga ya fi ƙarfinmu, sayen sabuwa ma aiki ne. Amma Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da reshen KASU na Kafanchan za su iya buɗe littafi guda: shekara, suna, lamba. Tsofaffin 'yan wasa na nan a Kagoro da Zonkwa, a je a tambaye su tun suna iya tunawa.