Kwatano: hayar gidajen alfarma a bakin teku na bunƙasa, ’yan haya na gida na matsawa baya

A unguwar Fidjrossè da ke bakin teku a Kwatano, allunan "appartement meublé" sun zama ruwan dare. Gida ne da aka zuba wa komai, tun daga gado da na’urar sanyaya ɗaki har tukwane da intanet, ana biyan kuɗinsa kwana-kwana ko mako-mako. Yawanci ta WhatsApp, Facebook ko Airbnb ake ƙulla ciniki.

Tun hawan Patrice Talon mulki a 2016 gwamnatin Benin ta ɗauki yawon buɗe ido a matsayin ginshiƙin tattalin arziki. An shimfiɗa kwalta a hanyar Route des Pêches, wadda ta bi gaɓar teku zuwa wajen Ouidah, an kuma fara bikin Vodun Days a Janairun 2024. Inda kwalta ta bi, farashin fili ya bi ta.

Lissafin mai gida ba shi da wuya. Dokar haya ta Benin, wadda aka kafa a 2018 aka sake fasalinta a 2022, ta hana karɓar kuɗin ajiya fiye da na wata uku, kuma fitar da ɗan hayan da ya daina biya sai an bi ta kotu. Mai bayarwa kwana-kwana kuwa yana karɓar kuɗinsa kafin ya miƙa makulli. A ɗauka, misali, gidan da ake biyan jika 40 a kwana: in ya samu baƙi kwana goma kacal a wata, ya tara jika 400, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 52 tun Janairun 2023. Duk gidan da ya koma wannan kasuwa ya fita daga hannun malamin makaranta da ma’aikacin tashar jiragen ruwa, sai su nufi Godomey ko Abomey-Calavi, su ƙara da kuɗin zemijan kullum.

Akwai waɗanda abin ya fi shafa. A Satumban 2021 aka rushe unguwar masunta ta Fiyégnon 1, daf da Fidjrossè. Rahoton da ƙungiyar Amnesty International ta fitar a ƙarshen 2023 ya zargi hukumomi da tashin dubban mutane daga yankunan gaɓar ba tare da isasshiyar diyya ba.

Ga Hausawa, Kwatano ba baƙon gari ba ne. Shekara da shekaru ɗan kasuwar Maraɗi ko Ƙonni da ya zo fiton kaya ko sayen mota yakan sauka a Zongo, wurin maigidansa, wanda shi ne masauki, shi ne dillali, shi ne kuma mai tsaya masa in ciniki ya rikice. Gidan bakin teku ya fi daɗin kwana, ba shakka, amma makulli kaɗai yake bayarwa. Wanda ya tura kuɗin kafin alƙalami ta waya bisa hoton da ya gani, in ya iso ya tarar babu gidan, ba shi da wanda zai kama.

Kasuwar kanta ba ta tsaya da ƙafa biyu ba. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai iyakar Gaya da Malanville ta rufe, kuma ko da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata ɓangaren a garƙame. Kaya da yawa suka koma tashar Lome, fatake suka bi su. Baƙi daga Legas da ’yan Benin mazauna Faransa sun fi zuwa lokacin hutu da ƙarshen shekara. Sauran watanni mai gida ne ke biyan mai gadi da gyaran na’urorin da iskar gishiri ke ci, musamman in da bashin banki ya sayi kujerun.