Masu waldar Potiskum za su iya ƙera wa Yobe kwale-kwale

Potiskum ba garin ruwa ba ne, amma garin ƙarfe ne. Hannayen da ke ƙera bodin tirela su ne ya kamata gwamnatin Yobe ta koya wa haɗa kwale-kwalen alminiyam mai inji, domin mutanen Nguru, Gashuwa da Geidam da ke tsallaka ruwa a jiragen katako, yaro na kwalfe ruwa da kwano. Alminiyam kusan kashi ɗaya bisa uku ne na nauyin ƙarfe, ba ya ruɓewa, ba ya shan ruwa, ƙaramin inji ma ya ishi jirginsa, kuma yana ratsa ruwa marar zurfi inda kacalla ta toshe hanya.

Za a ce yana da tsada, kuma waldarsa sai da iskar agon da hannu mai horo. Gaskiya ne, shi ya sa nake maganar horo kafin kwangila, domin jirgin da aka sayo daga nesa in ya tsage, yashe shi ake yi. Za a kuma tuna Bagwai a 2021, inda lodi ya kifar da jirgin ɗaliban Islamiyya. Wannan hujja ce mai nauyi: alminiyam ba ya maganin lodi. Sai a rubuta adadin fasinja a jikin kowane jirgi, a rufe akwatunan iska ƙarƙashin kujeru, a tanadi rigunan ruwa.