Ku daina sa wa mage fiya-fiya

1/ Yau sai na yi maganar nan, wanda zai ji haushi ya ji. Masu sa wa mage guba don ta yi kashi a lambu ko ta shiga kicin, wallahi ba maganin komai kuke yi ba. Lalaci ne kawai aka haɗa da mugunta. Bari ku ji abin da ya faru a gidan da muke haya.

2/ Gidan ɗaki tara ne, rabi ɗalibai rabi masu iyali. Wani maƙwabcinmu ya shuka alayyahu da tumatir a bayan ɗakinsa. Kullum da safe sai ya tarar mage ta tone wurin ta binne kashi. Da ciwo kam, ban musa ba. Ko ni ne zan ji haushi.

3/ Maganin da ya gani shi ne ya zuba fiya-fiya a kan kifi ya ajiye. Washegari muka tsinci magen a mace bayan tankin ruwa. Ashe shayarwa take. 'Ya'yanta huɗu suna cikin silin, kwana biyu muna jin kukansu kafin muka iya ciro su. Ɗaya kaɗai ya rayu.

4/ Kaji biyu na wata mata suka tsattsagi ragowar kifin, su ma suka tafi. Kuma a tsakar gidan nan akwai yaro mai rarrafe, komai ya gani baki yake kaiwa. Da na faɗa wa mutumin haka sai ya ce ai Allah ya tsare. Allah ya tsare kam, amma wa ya ajiye kifin?

5/ Abin da ke cikin fiya-fiya da Sniper sinadarin dichlorvos ne. Bai san mage ba, bai san kaza ba, bai san ɗan mutum ba. Tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da Sniper barkatai a kasuwa saboda haɗarinsa, kai kuma ka shafa shi a abinci ka bar shi a ƙasa.

6/ Ba a yi wata ɗaya ba ɓeraye suka karɓi gidan. Sun huda mini buhun gari, sun ci wayar caja. Mu da muke ƙasar da zazzaɓin Lassa ke tashi duk rani. A garin Lassa na jihar Borno aka fara gano cutar a 1969, kuma fitsari da kashin ɓera a cikin abinci ne babbar hanyarta. Ka kashe maigadi don ya yi maka ɓarna a kan alayyahun ɗari biyar.

7/ Na san masu cewa kashin mage ma cuta ne. Gaskiya ne. Yana iya ɗauke da toksoplasma, mai haɗari ga mai juna biyu. Amma ƙwayar sai ta yi aƙalla kwana ɗaya a waje kafin ta iya kama mutum. Kenan a kwashe kullum da leda a hannu, mai ciki kar ta taɓa, a wanke ganye sosai kafin a ci.

8/ Abu uku ne ke kawo mage wuri: abinci, mafaka, da ƙasa mai laushi busasshiya da za ta tona. Muddin suna nan, ko goma ka kashe ta sha ɗaya za ta zo. Yanzu haka wani muzuru ya gaji lambun mutumin. Shi ma fiya-fiyar ce?

9/ Na lambu shi ya fi sauƙi. Shimfiɗa ragar waya irin ta kejin kaji a kan ƙasar, shuka za ta fito ta ramukan, mage ba za ta iya tono ba. Ba kuɗin raga? Tsakuwa ko rassan ƙaya tsakanin shukar sun isa, tafin ƙafarta ba ya son su. Ka riƙa ban-ruwa da yamma, ba ta son jiƙaƙƙiyar ƙasa.

10/ Sannan ka zuba mata yashi rabin bokiti a wani lungu can nesa. Tona za ta yi dole, haka aka halicce ta. Kai dai ka zaɓa mata wurin.

11/ Ɓawon lemo yana ɗan taimakawa don ba ta son warinsa, amma da ya bushe shi kenan, kuma akwai magen da ko a jikinta. Kicin kuwa, rufe tukunya, rufe kwandon shara, sa raga a taga, toshe ramin silin. Inda ta yi fitsari a wanke tas, warin ne ke dawo da ita.

12/ Ban da yaji a ido, ban da kafur, ban da ruwan zafi. Farasitamol ma kashe ta yake, kar wani ya ce dabara ce.

13/ Sai 'yan “baƙar mage mayya ce, tana kuka kamar jariri da dare”. Malam, lokacin barbara ne, miji take kira. Kana aji uku a jami'a kana faɗin wannan? Kuma duk mun karanta a Islamiyya labarin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle mage ba ci ba sha har ta mutu. Ita kullewa ta yi. Kai da ka haɗa mata abinci da hannunka fa?

14/ Ɗan magen da ya rayu yana ɗakina, da sirinji na shayar da shi. Jiya mutumin ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, wai in ya ƙara girma in riƙa ba shi aro, ɓeraye sun hana shi barci. Na ce ya fara kawo kwalbar fiya-fiyar tukuna. Har yanzu bai kawo ba.